Wankan Dogo A Gidan Haya



A wannan wata zan yi muku magana a kan wanka. Kada ku yi dariya tukuna. Maganar ƙarama ce, amma akwai ruwa a cikinta, akwai kuɗi, akwai kuma zama tsakanin mai gida da ɗan haya.

Kowa ya san wankan bokiti da ƙoƙo. Shi muka tarar iyayenmu suna yi, kuma har gobe ba shi da laifi. Amma yanzu wani sabon abu yana shigowa garuruwanmu na ƙasar Kance. Samarinmu suna tafiya ci-rani Kano, Legas, Agadas, Aljeriya ko Libiya. In Allah ya ba su, sai su aiko da kuɗi a gina musu ɗaki na siminti. A can sun ga shawa, wadda wasu ke kira dush. Sai su ce a sa musu irinta a makewayi. Shawa ba wani abin mamaki ba ce. Bututu ne yake fitowa daga bango. A bakinsa akwai ɗan faifai mai ƙananan ƙofofi, kamar bakin arozuwar, wato butar ban-ruwa ta masu garka. Ka murɗa famfo, ruwa ya zubo maka a ka kamar yayyafi, kai kuwa kana cuɗa jiki da hannu biyu.

Masu irin waɗannan gidaje ba sa zaune. Shi ya sa ake ba da su haya ga malaman lakwal, da ma'aikatan likita, da malaman gona. Ni ma cikinsu nake. Aikin koyar da manya karatu ne ya kawo ni Icirnawa, ba nan aka haife ni ba. Na samu gida mai ɗaki 2, ni da maiɗakina da yara 3. Kuɗin haya jikka 6 a wata. An gaya mini tun ranar farko cewa jikka 1 daga ciki ta shawa ce, don sauran gidaje irinsa jikka 5 ne.

Ga yadda aka yi shawar gidan. Babu bututun da ya shigo daga waje. Bayan bangon makewayi an gina ginshiƙi na bulo, an ɗora tano a kansa. Tanon yana cin lita 200, wato bido 8 na lita 25. Mai amalanke yana kawo ruwa, a hau tsani a zuba. Daga gindin tanon bututun ƙarfe ya sauko, ya shige cikin bango, an shafe shi da siminti, ya fito ta ciki.

Matsalar ita ce, Allah ya yi ni dogo. Tsawona metir 1 da santimetir 86. Kan shawar kuwa yana metir 1 da santimetir 60 daga daɓe. In na tsaya, daidai haɓata yake. Ruwa yana samun ƙirjina, kai da wuya kuwa ko ɗigo. In zan wanke kai sai na duƙa kamar mai ruku'u, a kan siminti mai santsin sabulu. Ni kuwa da hauya na girma, bayana ya riga ya san ciwo. Maiɗakina ba ta da kuka, shawar daidai da ita take. Yara kuwa sai an kore su daga ciki. Ni da nake biyan jikkar, ni kaɗai ne ba na morar ta.

Maiɗakina ta ce, “Malam, ga kujera ƴar tsugunne, ka zauna mana.” Shawararta mai kyau ce, kuma ba ta cin ko dala. Na yi wata 2 ina wankan zaune. Ga tsoho, ko mace mai ciki, ko wanda ya tashi daga ciwo, wankan zaune ya fi, don ba faɗuwa. Amma kujerar ta icce ce, ta fara ruɓewa. Ruwan daɓe kuma yana fantsalo mini. Sai na ce bari in nemi wata dabara.

Da na kai maganar majalisa bayan la'asar, kowa ya kawo tasa. Wani ya ce abin sauƙi ne, a samo kurfi da guduma a fasa bango, a ja bututu sama, a sake shafewa. Wani ya ce a'a, a haƙe daɓen a yi ƙasa da shi taƙi 2. Wani ya ce a ƙara wa ginshiƙi bulo. Wani kuma ya ce ai mai gidan gajere ne, da jikinsa aka auna. Aka yi dariya.

Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Magina na birni wajen metir 2 suke sa kan shawa, sun san da dogaye a duniya. Don me wannan ya sauko da ita? Maginin yana nan kusa, sai na je na tambaye shi. Ya ce, “Malam, tsawon mai gida bai shigo ciki ba. Tsawon tano na duba.” Ya ɗauko siririn tiyo mai haske, wanda suke daidaita gini da shi. Ya zuba ruwa, ya ba ni baki ɗaya, ya riƙe ɗaya. Ya ce in ɗaga nawa. Duk yadda na ɗaga, ruwan da ke wajena da wanda ke wajensa a layi ɗaya suke tsayawa. Da na ɗaga sosai, ruwa ya ƙi biyo ni.

Wannan abu kuna iya gwada shi yanzu da butar alwala. Ku cika ta rabi, ku leƙa hancinta. Inda ruwa ya tsaya a cikin buta, nan ya tsaya a hanci. Ba zai fito ba sai kun karkata ta, bakin hanci ya koma ƙasa da fuskar ruwa. Ruwa ba ya hawa ya wuce inda ya fito, sai in inji ne ya tura shi. Ƙarfin da yake fitowa da shi kuma, daga ratar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin fita yake samuwa. Rata mai yawa, ƙarfi mai yawa. Rata kaɗan, ƙarfi kaɗan.

A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Suna zaton babban tanki shi ne mai ƙarfi. Ba haka ba ne. Faɗin tanki yana ƙara yawan ruwa ne kawai. Ƙarfi kuwa sai tsawo. Bido ɗaya a kan reshen gawo ya fi tano 10 da ke ƙasa tura ruwa. Makiyaya sun ga haka a wuraren shayar da bisashe. Ana rataye tankin ruwa can sama a kan ƙafafun ƙarfe, shi ake kira shato. Ba don ado ba ne, kuma ba don tsoron ɓarawo ba. Don ruwa ya samu ƙarfin zuwa kwami mai nisa ne. Ma'aikatan ruwa suna da ma'auninsu. Kowane metir 10 na tsawo yana ba da ƙarfin da suke kira bar 1. Bar 1 kamar a ɗora nauyin kilo 1 ne a kan ɗan wuri mai faɗin farcen ƙaramin yatsa.

Wanda ya taɓa zama Damagaram ya san wannan da jikinsa. Birnin a kan dutse yake, ruwa kuwa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. In ruwa ya yi ƙaranci, gidajen kwari su ke fara samu. Na kan tudu sai cikin dare, lokacin da sauran suka rufe famfo. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai a 1926. Abin da ya tayar da gwamna, ina ga ni ɗan haya?

Na dawo gida na ari metir na magina, na yi awo. Gindin tano yana metir 2 da santimetir 20 daga daɓe. Tsawon tanon kansa wajen santimetir 90. In ya cika, fuskar ruwa tana metir 3 da santimetir 10. A cire metir 1 da 60 na shawa, saura metir 1 da rabi. Wannan ita ce ratar. In ruwa ya kusa ƙarewa, ratar ta koma santimetir 60 kawai. To, ni ina so in ɗaga shawa zuwa metir 2, wato ƙarin santimetir 40, taƙi 2 ke nan. In tano a cike yake, na ci fiye da kashi 1 cikin 4 na ratar. In ya kusa ƙarewa, na ci kashi 2 cikin 3, saura santimetir 20. Ruwa zai riƙa ɗiga kamar hawaye. A gidan birni mai shan ruwa daga shato mai tsawon metir 15, taƙi 2 ba komai ba ne. A gidana kuwa taƙi 2 babban abu ne. Ashe magini ya san abin da ya yi.

Da wannan lissafi na auna shawarwarin majalisa. Fasa bango zai ba ni tsawo, ya hana maiɗakina da yara ƙarfin ruwa. Haƙe daɓe ya fi muni. Ruwan wanka ta wata ƴar kafa yake fita a gindin bango. In daɓe ya yi ƙasa da kafar, ruwa zai kwanta, sauro ya samu gidan haihuwa, gindin gini kuma ya jiƙe. Ƙara bulo shi ne daidai da lissafi, amma ku tuna lita 1 na ruwa kilo 1 ne. Tano cike ya fi kilo 200, nauyin manyan buhunan hatsi 2. Ginshiƙin siriri ne, yara kuma a gindinsa suke wasa. Ga mai kawo ruwa, zai ƙara hawa sama da bido mai kilo 25 a kafaɗa.

Bayan wannan duka akwai babbar magana. Gidan ba nawa ba ne.

Mai gidan saurayi ne, yana Libiya yana aikin gini. Shekara 3 ya yi yana aiko da kuɗi kaɗan-kaɗan kafin a rufe ɗakunan. Mahaifinsa ne yake karɓar haya. An kafa dokar hayar gidaje a ƙasarmu a 1996, amma a ƙauye da baki da shaidu ake ƙulla haya. Abin da kowa ya sani shi ne, yadda ka karɓi kayan mutum haka za ka mayar masa. Zanen aro ba ya rufe katara. Gidajen haya kuma a Icirnawa ba su da yawa. In tsoho ya yi fushi ya ce in fita, sai dai in koma Matameye, in riƙa biyan kuɗin babur kullum zuwa wurin aiki. Abin da nake samu ba zai ɗauka ba. Ajin da na tara da wahala kuwa zai watse tun rani bai ƙare ba.

Na je na same shi da hantsi a zaure. Bayan gaisuwa na ce, “Baba, wata ƴar magana ce ta kawo ni game da makewayi.” Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce, “Malam, me ya lalace?” Na ce babu abin da ya lalace, ni ne na yi wa shawa tsawo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi. Sa'an nan ya ce, “Malam, kai ɗan haya ne, ni ma ɗan tsaro ne. Amana yaron nan ya bar mini. Ka ga gidan can? Wani ma'aikaci ya fasa bango don ya ja waya, ya tashi ya bar tsaga. Da damina ta zo ruwa ya bi tsagar, shafe ya zubo. Har yau ana shari'a da baki. Ban yarda ƙarfe ya taɓa bangon ɗana ba.”

Na ce, “Baba, kuna da gaskiya. Ni ma ba bango nake so ba. Ku zo ku gani.” Muka je tare. Na nuna masa kan shawar ba a like yake ba, murɗa shi aka yi a bakin bututu, kamar murfin kwalba. Ana iya kwance shi, ana iya mayar da shi. Na ce zan cire shi in ajiye, in ɗaura tiyo a wurin, ranar da zan tashi in mayar da komai yadda yake. Ya yi shiru. Ya ce sai an ji daga bakin mai abu. Ƙanen yaron ya aika masa murya ta WhatsApp, da hoton wurin. Muka jira kwana 6. Amsa ta zo gajeriya. Ya yarda, in dai ba za a buga ko ƙusa ba.

Akwai hanya 2 da ba sa taɓa bango. Ta farko ita ce a sayi gwiwar bututu 2 da guntun bututu mai santimetir 40, a haɗa su kamar wuyan raƙumi, a murɗa a wurin. Ta fi araha. Amma kan shawa zai tsaya a sama ga kowa, kullum, ko tano ya cika ko bai cika ba. Nauyinsa kuma zai riƙa jan bututun da ke cikin bango. Ta biyu ita ce tiyo mai lanƙwasa, mai tsawon metir 1 da rabi, da kan shawa na riƙewa a hannu. Wannan na zaɓa, don yana hawa yana sauka.

Na saye su a Matameye, jikka 3 da rabi duka. Ga abin da zai amfane ku in za ku saya. Bakin bututun shawa yana da suna 2. Masu kanti da suka koyi aiki da Faransanci suna ce masa 15/21. Kayan da ke shigowa daga Daura da Kano ta Ɗan Barto ana ce musu rabin inci. Duk abu ɗaya ne, murɗinsu ya dace da juna. Kada wani ya ce muku sai kun sayi mahaɗi na musamman. Ku duba kan shawar kuma. Wani an yi shi don ruwan birni mai ƙarfi, ƙofofinsa ƙanana ne kamar na allura, a wuyansa kuma akwai ƴar roba mai rage ruwa. Irin wannan ba ya aiki da tano. Ku nemi mai ƙofofi masu faɗi. In kun ga ƴar robar nan mai ɗan ƙaramin rami, a zare ta. Amma zoben roba baƙi da ke bakin tiyo, shi kada a taɓa shi. Shi ne ke hana yoyo.

Ranar aikin na kira Baba ya zauna yana kallo. Na rufe famfo. Tsohon kan shawar ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Ba a yi masa ƙarfi. In bututu ya karye a cikin bango, fasawar da ake gudu ta zama dole. Na ɗiga masa baƙin mai na babur, na bar shi har azahar. Sa'an nan na ari sifana 2 masu haƙora wurin mai gyaran injin ban-ruwa. Da ɗaya wani ɗalibina ya riƙe bututun bango gam, kada ya juya. Da ɗayar na murɗa kan shawa wajen hagu. Hagu kwancewa, dama ɗaurewa. Ya yi ƙara, ya saki. Na goge bakin bututu da tsumma, na ɗaura tiyo da hannu har ya tsaya, na ƙara masa ɗan kaɗan da sifana. In aka matse zoben roba da yawa yana tsagewa. Da muka buɗe famfo babu ɗigo a mahaɗi. In naku ya yi yoyo, akwai farin zaren roba na masu gyaran famfo. A naɗa shi a bakin bututu sau 7 ko 8, wajen dama, a sake ɗaurawa.

Saura wurin ratayewa, tun da an hana ƙusa. Makewayin ba shi da rufi. Sai na samo azara ta giginya, don gara ba ta cika cin ta ba. Na gitta ta a kan bango biyu, ba siminti, ba komai, nauyinta ya riƙe ta. Na lanƙwasa waya mai kauri na yi ƙugiya 2. Ɗaya gajeriya, tana riƙe kan shawa a metir 2. Ɗaya doguwa, tana sauko da shi inda yake a da. Baba ya tashi ya shafa bango da tafin hannu, ya duba ko'ina. Ya ce, “Shi ke nan?” Na ce shi ke nan. Ya ce in buɗe ya gani. Na tsaya a miƙe da rigata, ruwa ya sauko mini a tsakiyar ka. Dariyar da tsohon nan ya yi, har maƙwabta suka leƙo.

Daga baya na gwada lissafina da bokiti mai lita 10 da agogon waya. Da tano a cike, a ƙugiyar ƙasa bokiti ya cika cikin minti 3. A ƙugiyar sama minti 3 da rabi. Bambancin kaɗan ne. Da ruwa ya rage saura kashi 1 cikin 4, a ƙasa minti 4, a sama kusan minti 6. Shi ya sa yanzu kwana 2 na farko bayan an cika tano ina wankan tsaye. In ruwa ya ja baya, sai in sauko da kan shawa in riƙe a hannu. Ba na ma bukatar hawa tsani in leƙa. Yadda ruwa ke zubowa shi yake gaya mini lokacin kiran mai amalanke ya yi.

Wani zai ce shawa ɓarnar ruwa ce. Ya danganta da hannun da ke kan famfo. Ni minti 1 nake jiƙa jiki, in rufe, in sa sabulu, in buɗe minti 2 in ɗauraye. Wajen lita 10 ke nan, bai kai bokitin da nake ɗauka a da ba. Mu 5, tano yana kai mu kwana 4. Cika shi kuwa dala 80 ne, da kuɗin ruwa da na amalanke. Amma in aka bar yara su kaɗai, a yini ɗaya za su ga bayansa. A Amurka an yi doka a 1992 cewa kada kan shawa ya zubar da fiye da lita 9 da rabi a minti 1, kuma a wurinsu wannan tsimi ne. Mutum ya yi minti 10 a ciki, ya zubar da lita 95, kusan rabin tanona. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa lita 20 ta ƙiyasta a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini, don sha da dahuwa da ɗan tsafta. Mu da muke ganin mata suna jan guga a rijiya, ba sai an koya mana rufe famfo ba.

Tiyon ya kawo wani amfani da ban yi zato ba. Maiɗakina tana wanke ƙaramin yaro da shi yana zaune. Tana tara bokiti. Tana wanke daɓe har lungu. Yanzu in na ce zan cire shi, da ita zan fara yin shari'a.

Ba mu bar maganar a baki kawai ba. Baba tsoho ne, ni kuma ana iya canza mini wurin aiki kowane lokaci. Mai gida zai dawo wata rana ya tarar da abin da bai bari ba. Sai muka yi ƴar takarda da Hausa. Mun rubuta kwanan wata. Mun rubuta cewa an cire kan shawa 1 na ƙarfe, yana hannun Baba. Tiyo da sabon kai da azara nawa ne, da kuɗina na saya, ba za a cire daga kuɗin haya ba. Ranar tashi zan mayar da tsohon a wurinsa. In mai gida yana son sabon, ya biya rabin kuɗi in bar masa. Baba ba ya karanta boko, amma ya iya ajami. Wani ɗalibina, almajiri ne tun yana yaro, ya juya takardar ya rubuta ta da ajami a baya. Baba ya karanta da kansa, ya sa hannu. Mutum 2 suka shaida. Kowa ya riƙe tasa. Tsohon kan shawar na shafa masa mai, na ƙulle a leda, na ba shi ya ajiye a akwatinsa.

Wanda ba shi da tano, yana kuma son ya ɗanɗana wankan yayyafi, yana iya yi da bido. A huda gefensa can ƙasa, a sa ƙaramin famfo na roba, a ɗaura tiyo. A kwance murfi kaɗan don iska ta shiga, in ba haka ba ruwa zai tsaya. Amma a tuna bido mai lita 25 kilo 25 ne. Kada a rataye shi da ƙusa a bangon laka, ya faɗo wa yaro a ka. A kafa gwafa 2 masu ƙarfi a ƙasa, a gitta icce mai kauri. Kada kuma a yi aiki da bido ko tano da aka taɓa zuba maganin ƙwari na gona a ciki. Ko an wanke shi sau 10, dafin yana nan a jikin roba, fata kuma tana sha.

Tano yana son murfi kullum, saboda sauro da ƙura da kashin tsuntsu. Ruwan wanka kuma kada a sake shi a hanya. Na haƙa ɗan rami bayan kafa, na cika da tsakuwa da fasassun bulo, ruwa yana nutsewa. In ƙofofin kan shawa suka toshe da yashi ko farin gishirin ruwa, a kwance shi a jiƙa cikin ruwan lemun tsami ko na tsamiya, ya kwana. Da safe a bi ƙofofin da ƙayar aduwa.

Sai a yi hankali da bazara. A watan Afrilu da Mayu tanon ƙarfe yana shan rana tun safe, da la'asar ruwansa yana iya ƙona fatar jinjiri. Na lulluɓe nawa da tsohon zana, na ɗaure da igiya. Duk da haka, kafin a sa yaro a ƙarƙashi, uwa ta fara tara bayan hannunta.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.